Gani Ya Kori Ji: Abin Da Tsofaffin Tallace-tallacen Akwatin Rediyo Suke Sayarwa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je yi wa wani aminina murnar tarewa a sabon gida. Muna zaune a falo sai idona ya sauka a kan wani hoto da ya sa wa gilashi ya rataye a bango. Da farko na ɗauka zanen wani mai fasaha ne. Da na matsa kusa, ashe shafin mujalla ne, tallar rediyo daga Amurka, ta wajen ƙarshen shekarun 1920. Ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya saye shi lokacin da yake karatu a can.

Wata baturiya ce a hoton, cikin doguwar rigar zuwa biki, ta dafa wani akwatin katako mai dogayen ƙafafu wanda aka yi wa sassaƙa kamar ƙofar fada. Maigidan yana kishingiɗe a kujera da lofe a baki. Yara biyu suna kan darduma, fes da su, sai ka ce ba su taɓa wasan ƙasa ba. Babu waya ko guda a fili. Hatta wurin murɗawa an rufe shi da 'yan ƙyamare biyu.

"Mutumina, ka ga zamanin da ake gaskiya," in ji shi. "Kaya na aminci, talla babu ƙarya. Ba irin tarkacen yanzu ba."

Ban ce masa uffan ba, don ba a cin tuwon mutum a kushe masa adon ɗaki. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Ni a ganina, waɗannan tallace-tallace suna da kyau, kuma sun cancanci a adana su. Sai dai ba su zama shaidar wani zamanin gaskiya ba. Su ne kakannin tallar wayar salula da muke ƙorafi a kai yau. Rediyo abin ji ne, mujalla kuwa abar gani ce. Tunda takarda ba ta magana, masu talla sai suka koma sayar da abin da ido ke iya kamawa: katako, sassaƙa, falo mai kyau, mace mai ado. Muryar da aka ƙirƙiri na'urar dominta ta koma 'yar rakiya.

Yadda na'ura ta zama kayan ɗaki

A watan Nuwamba na 1920 tashar KDKA da ke birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasar Amurka, kuma daga nan ake yawan fara lissafin rediyon gida. Rediyon wancan lokaci ba abin nuna wa baƙo ba ne. Kamfanin Atwater Kent na Philadelphia ya yi suna da wani samfuri da aka jera kayan aikinsa tsirara a kan allon katako. Ga wayoyi, ga batura iri-iri, ɗaya daga ciki irin na mota ne mai ruwan batir da ke cinye darduma idan ya zube, ga kuma lasifika mai kama da ƙaho a gefe. Kayan wasan maigida da samarin gida ne, kuma uwargida ba ta marhabin da shi a falonta.

Wajen 1927 aka fara samun rediyon da ake jonawa kai tsaye da wutar gida. Batura suka kau. Daga nan kamfanoni suka gane cewa idan suna son shiga falo, sai sun bi ta hannun mai falon. Sai aka kira kafintoci. Atwater Kent ya riƙa sa rediyonsa cikin akwatunan wani kamfanin kayan ɗaki mai suna Pooley, har akwai wani rediyonsa da aka ɓoye cikin tebur, wanda idan ba a gaya maka ba za ka ɗora masa kofin shayi ka tashi. Aka riƙa lanƙaya wa akwatunan sunayen sarakunan Turai, wannan salon Sarauniya Anne ta Ingila, wancan salon Sarki Louis na Faransa, mutanen da suka mutu tun kafin a san wutar lantarki.

Kuɗin da Amurkawa suka kashe kan rediyo da kayansa ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 1922 zuwa sama da miliyan 840 a 1929. Shafukan mujallu irin su Saturday Evening Post da Ladies' Home Journal, masu shiga miliyoyin gidaje, su ne fagen da aka yi wannan kokawa.

"Ai babu ƙarya a ciki"

A nan ne na fi saɓa wa aminina. A ɗauki maganar farashi. A yawancin tallace-tallacen ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930, za ka ga kuɗin da manyan lambobi, sannan a gefe da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa ban da ƙwayayen gilashin ciki. Waɗannan ƙwayaye, masu kama da ƙwan fitila, su ne zuciyar rediyon. In babu su akwati ne kawai. Kamar a ce maka ga mota a kan kuɗi kaza, amma ban da inji. Hatta ƙaramin rediyon Philco na 1930, wanda ya yi farin jini saboda araha, dala 49.50 aka tallata shi, ban da ƙwayayen.

Sai kuma gasar yawan ƙwayaye. Da jama'a suka ɗauka cewa yawansu shi ne ƙarfin rediyo, wasu masu ƙerawa suka shiga cusa waɗanda ba sa ƙara wa sauti komai don dai lissafi ya hau a talla. Duk wanda ya taɓa sayen waya mai idon kyamara huɗu a baya, daga baya ya gano ɗaya ne ke aiki, ya san wannan wasa. Ba yau aka fara ba.

Kirarin kuwa ba a magana. Majestic ya kira kansa gawurtaccen sarkin sararin samaniya. Stromberg-Carlson ya ce babu abin da ya fi shi. Babu mai iya gwada irin wannan magana a kan takarda, shi ya sa ake yin ta. A 1938 sai da majalisar dokokin Amurka ta ƙara wa hukumar kula da cinikayya ta tarayya ƙarfin hukunta tallar yaudara. Ba don rediyo kaɗai aka yi dokar ba, masu magunguna da kayan kwalliya sun fi kowa laifi, amma ba a yi wa zamanin da kowa ke faɗin gaskiya irin wannan doka.

"To amma akwatin yana da amfani"

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Lasifika tana bukatar faffaɗan allo ko akwati kafin ta fitar da sauti mai kauri. Duk wanda ya taɓa jefa wayarsa cikin kwano don ƙara ya ƙaru ya san haka. Kayan cikin rediyon wancan zamani suna da nauyi, suna zafi, kuma akwai wutar da za ta iya kashe yaro mai ƙiriniya. Dole a rufe su.

Amma wannan bukata akwati mai sauƙi ya ishe ta. Sauti bai san sassaƙa ba. Abin da ke tabbatar da haka shi ne, sau da yawa kamfani ɗaya yakan ɗauki inji iri ɗaya ya sa shi cikin akwatuna uku ko huɗu: na kan tebur, mai gajerun ƙafafu, mai dogayen ƙafafu, mai ƙyamare. Farashi yana hawa, tashoshin da za ka kama suna nan yadda suke. Bambancin kuɗin na kafinta ne da na alfahari.

Ƙarshen abin shi ne Zenith Stratosphere na 1935, mai ƙwayaye 25 da lasifika uku, a kan dala 750. Kuɗin ya fi na sabuwar motar Ford a lokacin, kuma a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya jefa miliyoyin Amurkawa layin karɓar abinci. Rediyo ne mai kyau, babu shakka. Amma shugaba Roosevelt da ya fara hirarrakinsa da jama'a ta rediyo a watan Maris na 1933, muryarsa ɗaya ce a kunnen mai dala 750 da mai dala 20.

Akwai wata talla da takan ba ni dariya duk lokacin da na tuna ta. Wajen 1937 Philco ya karkata fuskar rediyonsa sama, ya shiga shela cewa yanzu babu sunkuyo, babu tsuguno, babu ƙanƙance ido. To wa ya sa mutane tsugunon tun farko? Su ne dai suka mai da rediyo kabad, suka kai wurin murɗawa daidai gwiwa. Sun sayar da ciwon, sun dawo suna sayar da maganin.

"Kayan da sun fi ƙarko"

Wanda aminina ya gani a gidan tarihi ko a shagon masu tara kayan da, shi ne wanda ya tsira. Dubbai sun tafi bola. Da yawa daga cikin akwatunan nan siririn ɓawon katako mai tsada aka manna a kan katako mai araha, danshi na taɓa shi ya fara ɓarewa. Ƙwayayen gilashin suna ƙonewa a sake su, kamar ƙwan fitila. Sana'ar gyaran rediyo ba ta bunƙasa a banza ba.

Kamfanonin ma ba su yi ƙarkon kirarinsu ba. Grigsby-Grunow, mai yin Majestic, ya durƙushe kafin ƙarshen 1934. Atwater Kent, wanda a tsakiyar shekarun 1920 babu kamarsa a Amurka, ya rufe masana'antarsa a 1936. Da aljihu ya yi zafi, jama'a suka koma kan ƙananan rediyo masu araha, suka bar sarakunan Turai a shago.

Waɗanda babu su a hoton

Abin da ya fi damuna da hoton falon aminina shi ne waɗanda ba su fito a ciki ba. A ƙidayar jama'a ta 1930 gwamnatin Amurka ta tambayi kowane gida ko yana da rediyo. Kimanin gida huɗu cikin goma ne suka ce e. A gidajen baƙaƙen fata, bai kai ɗaya cikin goma ba. Gonaki kuwa, kusan ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki, don haka rediyon da ake jonawa da bango bai shafe su ba. Idan baƙar fata ya bayyana a irin waɗannan shafuka, galibi yana riƙe da tire ne.

Ke nan hoton ba madubin rayuwar Amurka ba ne, hoton abin da ake so ka yi sha'awa ne. Kuma an tanadar maka hanyar biyan sha'awar: ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya wata-wata. Rediyo na cikin kayan da suka koya wa Amurkawa sayen kayan gida bashi. Za a ce ai bashin ne ya ba mai ƙaramin ƙarfi damar mallaka, kuma haka ne. Sai dai a tuna, mai shago bai fi son ya ba ka bashin ƙaramin rediyo ba. Babban yake nuna maka, don a nan ribar take. Da kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoba na 1929, aiki ya tafi, bashi ya zauna, kuma mai kaya yana da ikon zuwa ya ɗauke kayansa.

Mu ma ba baƙin abin ba ne

Wani zai ce, to kai da kake kushe turawa, ku fa? Gaskiya ne. Mu da muke cewa "akwatin rediyo" da "akwatin talabijin", harshenmu ma ya riƙe akwatin. Kuma wanda ya taɓa ganin jeren amarya, kwalla a kan kwalla har rufin ɗaki, ba a dafa komai a ciki, bai isa ya yi wa baturiya dariya don ta so katako mai sheƙi ba. Son ado halin ɗan Adam ne, ban ga laifinsa ba.

Amma dubi yadda rediyo ya shigo mana. Akwatin farko da mutanen Kano suka sani, wajen 1944, ɗan ƙaramin akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha, a kafa a bango ko a dandali, ba ka da zaɓin abin da za ka ji. Babu wanda ya saye shi don kyau. A Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, a 1949 kamfanin Ever Ready ya fito da rediyon fam biyar wanda jikinsa tukunyar girki ce ta alminiyam aka cire wa mariƙi. Mutane suka yi rububinsa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, daidai lokacin da ƙaramin rediyo mai batir ke bazuwa a duniya. Shi ne ya shiga ruga, ya shiga gona, ya hau keke.

Babban akwatin ma ya zo mana, a siffar rediyo mai haɗe da garmaho, a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Kawuna yana da ɗaya a Zariya, ƙirar Turai, dogo kamar akwatin lefe uku a jere. Na tashi na same shi a falo an lulluɓe shi da farin kyalle mai saƙa, an ɗora masa hoton ɗaurin aure da furen roba da agogon da ya tsaya. Idan ka zuge murfinsa wani ƙamshi ke fitowa, na man katako da ƙura da tsofaffin faya-fayai. A fuskar gilashinsa an rubuta sunayen birane, London, Cairo, Hilversum, muna yara muna bin su da yatsa muna haddacewa. Ban taɓa jin ya yi magana ba. An ce wani abu ya ƙone a ciki tun kafin a haife ni, kuma mai gyaran da ya san kansa ya bar gari.

Kawu kuwa kullum da asuba yana kan buzunsa a zaure, da ɗan rediyonsa mai rigar fata da duk ta tsage, an ɗaure murfin batir da robar tayar keke, an ƙara wa eriya tsawo da wayar ƙarfe. Yana murɗawa a hankali, kunne a manne, har ya kamo London a gajeren zango cikin shuuu da ƙugi. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Da wannan ya ji juyin mulki, da shi ya ji ganin wata, da shi ya ji farashin gyaɗa. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me ya sa ba za a fitar da na falon ba tunda ba ya yi?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Kai yaro, in an fitar da shi me za a sa a wurin?"

Amsar Kawu ita ce duk abin da tallar nan ta bangon aminina ke faɗi. An yi nasarar raba rediyo gida biyu: na ji da na gani. Kuma na ganin ne ya fi tsada.

Abin da ba zan ƙwace musu ba

Masu zanen sun iya aikinsu. Da hannu aka yi yawancin hotunan, kuma akwai waɗanda hasken fitila a fuskar yaro kaɗai ya isa ka tsaya kallo. Ga mai son sanin tarihi, shafi ɗaya yana gaya maka abin da ake ɗauka arziki a 1929, wa ake ganin shi ke yanke shawarar sayayya a gida, da irin tsoron da mutane ke yi wa sabuwar na'ura har sai an sa mata rigar tsohon kabad kafin su bar ta ta shigo.

Haɗuwar iyali ma ba ƙarya ce zalla ba. Rediyo ɗaya ne a gida, ba ya ɗaukuwa, dole a taru inda yake. Amma tilas ce ta tara su, ba katakon ba. Da ƙaramin rediyo na aljihu ya fito a 1954, kowa ya ɗauki nasa ya shige ɗaki, kuma kamfanonin da suka yi shekaru suna zana iyali a kewaye da akwati su ne suka juya suna zana saurayi shi kaɗai da rediyo a kunne. Ba su yi makokin falon ba ko na kwana ɗaya.

Shi ya sa idan na ji ana cewa tallar yanzu ta lalace, ta da ce mai mutunci, nakan ce a dai duba da kyau. Yau ana nuna maka siririyar waya mai ruwan zinariya a hannun wata mai murmushi, ba a gaya maka kwana nawa batirinta zai yi a garin da wuta ke zuwa sau biyu a mako ba. Jiya an nuna wa wani akwatin maɗaci a gefen wata mai murmushi, ba a gaya masa ƙwayayen ciki kuɗinsu daban ba sai a ƙasan shafi. Tsufa ne kawai ya sa wa ta jiyan kwarjini.

Na koma gidan aminin nawa shekaranjiya don karɓar saƙo. Kafin ya fito na sake tsayawa gaban hoton, wannan karon na sa tabarau. Can ƙasa, kusa da inda katakon firam ya ɗan rufe, ga farashin, ga kuma 'yan ƙananan kalmomin nan biyu na Turanci a gefensa, masu cewa ban da ƙwayaye. Da ya fito na nuna masa da yatsa, na fassara masa. Ya sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya karanta, ya ɗago.

"Shekara goma sha ɗaya hoton nan yana wurina," in ji shi, "wallahi ban taɓa lura ba."

Ya ce in zauna a kawo shayi. Hoton yana nan a inda yake.